Yadda Ake Zaman Lura da Numfashi, Daga Minti 5 Zuwa 45

Tun ranar da bakina ya suɓuce a wani zaman hira na ce ina zaman lura da numfashi kowace safiya, tambaya ba ta yanke ba. Wani ya ce ya gani a YouTube, Bature ya harɗe ƙafa ya rufe ido, shi ma ya gwada, bai tashi da komai ba sai ciwon gwiwa. Wata baiwar Allah ta ce likita ne ya ce ta riƙa yi saboda rashin barci, amma bai gaya mata ta ina za ta kama ba. Galibi dai tambayar ɗaya ce: "To idan ka zauna ɗin, me kake yi?"

Irin wannan zaman da ake ce wa mediteshan da Turanci iri-iri ne. Wanda zan nuna shi ne wanda mabiya Buddha na Myanmar da Sri Lanka da Tailan ke kira anapanasati, wato lura da shigar numfashi da fitarsa, haɗe da ƙirgen da 'yan Zen na Japan, wani reshe na mabiya Buddha, ke ɗora sabon shiga a kai. Shi ne kuma wani masani Ba'amurke, Jon Kabat-Zinn, ya tuɓe wa rigar addini a 1979, ya kai shi asibitin Jami'ar Massachusetts a Amurka domin masu fama da ciwo mai naci. Ni na koya ne a Pune ta Indiya lokacin karatu, wurin wani ɗan Myanmar da muka haɗa ɗaki. Zan yi magana da "ka" don sauƙi, amma 'yan'uwa mata duk da ku ake.

1. Ka tantance abin da za ka ɗauka

Ka gama da wannan tun kafin ka shimfiɗa tabarma, domin in ba ka gama da shi ba, shi zai yi ta cin ka a zaune.

A inda abin ya fito, haɗe yake da ibada: rusuna wa mutum-mutumin Buddha, rera baitoci da harshen Pali, kunna turare a gaban hoto. A ɓangaren Hindu kuma akwai maimaita kalmomi masu tsarki a wurinsu irin su "Om", da jerin motsin yoga na gaida rana. Wani tsarin mediteshan da ake kira TM ma sai an yi wani ɗan bikin girmamawa irin na Hindu kafin a ba ka kalmar da za ka riƙa maimaitawa, ga kuɗi masu kauri. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a abin da zan nuna. Namu zama ne, da numfashi, da ƙirge. Ba ka kiran sunan kowa, ba ka roƙon kowa.

Hattara: wannan ba ibada ba ce, ba ta maye gurbin salla ko azkar ko addu'a, kuma ba a cakuɗa su. Ka ɗauke shi yadda kake ɗaukar tattaki da yamma. Idan zuciyarka ba ta kwanta ba, ka kai wa malamin da ka yarda da iliminsa bayanin ainihin abin da ake yi, ba sunan abin kawai ba, ya faɗa maka.

Hattara ta biyu, wadda ta fi gaggawa: wanda ya taɓa samun taɓin hankali, ko yake cikin matsanancin ciwon damuwa, ko ya ga tashin hankalin da har yanzu yake firgita shi (hatsarin mota, harin 'yan bindiga, fyaɗe), kada ya fara shi kaɗai sai ya yi shawara da likitan ƙwaƙwalwa. Shiru yakan tono abin da hayaniya ta binne. Willoughby Britton ta Jami'ar Brown da abokan aikinta sun wallafa bincike a 2017 kan masu zaman da ya jawo musu tsoro, rashin barci, da jin kamar sun rabu da jikinsu. Kuma kada wanda ya ajiye maganin da likita ya ɗora shi a kai don ya fara zama.

2. Kayan aiki da abin da za su ci maka

Abu uku ne: shimfiɗa, abin ɗaga mazaunai, da agogo.

Shimfiɗa kowace iri ce, tabarma ko kafet, muddin idon sawu ba zai gogi siminti ba. Abin ɗaga mazaunai shi ne mutane ke rainawa, alhali rabin ciwon baya daga rashinsa yake. 'Yan Japan suna da wani kewayayyen matashi mai tauri da suke kira zafu, ana sayar da shi da tsada a intanet. Ba ka buƙatarsa. Abokin ɗakina bargon makaranta yake ninkawa huɗu. Tum-tum ƙarami ma ya yi. Filon barci ne bai yi ba, don yana lotsawa. Tsayin ya kai kamar faɗin tafin hannu ko ɗan fi.

Agogo kuwa wayarka ta isa. Ka sa ta a yanayin jirgin sama, ka saita ƙararrawa mai taushi, ka kifa ta inda hannu ba ya kaiwa. Idan kana son manhaja, Insight Timer tana da agogo mai ƙarar ƙwarya kyauta, Medito da Plum Village su ma kyauta ne. Calm da Headspace na kuɗi ne.

Hattara: manhajojin kuɗi sukan ba da gwajin 'yan kwanaki kyauta bayan sun karɓi lambar katinka, ranar da gwajin ya ƙare su zare kuɗin shekara ba sallama. A ganina sabon shiga ba shi da abin saya a watansa na farko.

3. Lokaci da wuri

Lokaci ɗaya, wuri ɗaya, kullum. Ka jingina zaman da abin da ba ya wuce ka. Ni bayan na dawo daga masallaci da asuba na gama azkar nake yi, kafin gida ya tashi, kafin in taɓa waya. Mai goyo ko mai shirya yara makaranta wataƙila sai da hantsi in gida ya yi tsit. Duk lokacin da ka zaɓa, kada ya zama bayan ka cika ciki da tuwo, kada kuma ya zama a kan gado. Jiki ya san abin da ake yi a gado.

Minti 5 za ka fara da shi. Na san za ka raina. Raina ɗin shi ya kai ni ƙasa, zan zo kan labarin.

Kada ka jira samun wurin da babu motsi, ba za ka samu ba. A Pune hon ɗin masu keke-napep ne da haushin karnuka, a gida janaretan maƙwabci ne da zakara. Abin da ya wajaba kawai ka sanar da mutanen gida. Matar wani abokina leƙowa ta yi ta gan shi zaune shiru ido a lumshe, ta kira sunansa sau biyu bai amsa ba, sai ga ta da kofin ruwa tana salati.

4. Yadda ake zama

Ka zauna a bakin bargon, ba a tsakiyarsa ba, yadda ƙugu zai ɗan karkato gaba. Ƙa'idar guda ce: ƙugu ya fi gwiwa tsayi. Idan gwiwoyinka sun yi sama kamar fikafikai, ƙara ninkin bargo, ko ka cusa wani tsumma ƙarƙashin kowace gwiwa ta samu madogara.

Ƙafafu kuma ka tanƙwashe su, ɗaya a gaban ɗaya, duka a ƙasa, ba wadda ta hau wata. Wannan ake ce wa zaman Bama (tsohon sunan Myanmar ke nan), kuma ya wadatar. Zaman da kake gani a hoto, kowace ƙafa a kan cinyar ɗaya, na waɗanda suka tashi da shi ne tun suna yara. Wanda zaman tahiya ya fi masa daɗi ya yi, ya sa bargon tsakanin ƙafafunsa ya hau. Mai ciwon gwiwa, da mai juna biyu, da dattijo, su hau kujera: tafin ƙafa biyu a ƙasa, baya ba ya jingina. Ba wani lada a zaman ƙasa.

Daga nan ka bi jiki daga ƙasa zuwa sama. Gadon baya a miƙe, amma ba miƙewar soja a fareti ba. Kafaɗu ka ɗaga su zuwa kunne sau ɗaya ka sake su su faɗi. Hannuwa a kan cinya ko a haɗe a ƙasan cibiya. Haɓa ta ɗan sunkuya kaɗan don ƙeya ta miƙe. Haƙora kada su cije, harshe ya kwanta a bayan haƙoran sama. Ido ko ka rufe, ko ka lumshe kana kallon ƙasa kamar taku biyu a gabanka, yadda 'yan Zen ke yi. Mai saurin gyangyaɗi ya bar su a lumshe.

Hattara da gwiwa. Tsamin cinya da na baya na rashin sabo ne, suna wucewa. Amma zafi mai suka a cikin gwiwa, ka warware ƙafa nan take. Gwiwa ba ta sabo, lalacewa take yi.

Ga labarin. Ranar farko abokin ɗakina ya ce in yi minti 5. Na dube shi, na ce a raina ni da na yi zaman makarantar allo, minti 5 me? Na harɗe ƙafa irin ta hoto a kan siminti ba bargo, na saita minti 40. Kafin rabi ƙafar hagu ta mutu, na daure don kada a ga gazawata. Ƙararrawa na bugawa na zabura na miƙe. Ƙafar ba ta san na miƙe ba. Na tafi gaba ɗaya na faɗa kan bokitin wanki, ruwa ya malale ɗakin har ƙarƙashin katifarsa, idon sawuna ya yi mako yana kumbure. Bai yi dariya ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Tsumma ya ɗauko yana goge ƙasa, ya ce gobe minti 5.

5. Ka nemo numfashin, ka fara ƙirge

Ka ja dogon numfashi sau 3 don jiki ya san an zauna. Daga nan ka sakar masa mara. Ba kai za ka yi numfashin ba, kallonsa za ka yi. In gajere ne, gajere ne. In yana sarƙewa, haka ya zo.

Ka zaɓi wuri ɗaya da za ka tsare. Ko ƙofar hanci da saman leɓe, inda iska ke shiga da ɗan sanyi ta fito da ɗumi, ko ciki, inda yake tasowa ya lafa. Malaman Myanmar kansu sun rabu a nan: almajiran U Ba Khin hanci suke tsarewa, na Mahasi Sayadaw ciki. Duka suna kaiwa. Lokacin hunturu da hanci ke toshewa ciki ya fi sauƙi, haka ma ga wanda lura da hanci ke sa masa ciwon goshi. Abin da ba a so shi ne yawo, yau hanci gobe ciki. Ka riƙe ɗaya mako biyu kafin ka yanke hukunci.

Ƙirgen kuma ga yadda yake. Iska ta shiga, ta fita, a ƙarshen fitar ka ce "ɗaya" a zuci. Ta sake shiga ta fita, "biyu". Haka har goma, sai ka koma ɗaya. In ka ɓace a hanya, ko ka farga kana "goma sha bakwai", ka koma ɗaya. Lambar ta zama can ƙasa-ƙasa, mafi yawan hankali yana kan jin iskar.

Hattara: kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne tuƙa numfashi da ƙarfi, a yi ta zuƙa ana fesarwa kamar mai hura wutar gawayi. Abin da ke biyo baya jiri ne da jin yatsu na tsatstsafa. Idan ya faru ka daina ƙirge, ka buɗe ido, ka mai da hankali kan nauyin jikinka a kan shimfiɗa har ya lafa. Akwai kuma waɗanda lura da numfashi ke tayar musu da fargaba, musamman masu asma. Su bar numfashi, su tsare tafin hannu ko sautin da ke shigowa kunne. Aikin ɗaya ne.

6. Idan hankali ya gudu

Zai gudu. A nan mutum tara cikin goma na waɗanda suka tambaye ni suka ajiye abin, kuma a nan ainihin aikin yake.

Ka ce ɗaya, ka ce biyu, wajen uku sai ka tuna ba ka tura wa mai shago kuɗinsa ba. Daga mai shago sai ƙaninsa da ya yi aure, daga auren sai ankon da ba ka biya ba, daga anko sai tela, sai maganar da telan ya gaya maka bara da amsar da ya kamata ka ba shi. Kana tsakiyar wanke shi tas sai ka farga, au, ashe zama nake. Minti 3 sun tafi.

Abin da mutane ke cewa a nan shi ne, "Ni kaina ba ya yin shiru, abin ba nawa ba ne." Wa ya ce maka shiru ake nema? Kan kowa haka yake. A 2010 wasu masana biyu na Jami'ar Harvard, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, sun riƙa tambayar mutum 2,250 ta waya a lokuta daban-daban abin da suke yi da abin da suke tunani, suka samu kusan kashi 47 cikin 100 na lokacin hankali ba ya kan abin da hannu ke yi. Zama bai kawo maka saƙe-saƙe ba, fitila kawai ya haska maka shi.

Wannan fargar, "au, na tafi", ita ce abin da kake horarwa. Mai ɗaga ƙarfe ba ya jin haushi don ƙarfen ya sauko, saukowar ce ke ba shi damar sake ɗagawa. Zaman da ka ɓace sau 30 ka dawo sau 30 ya yi kyau. Ga tsarin dawowar, kuma a jere yake:

Da fari ka lura ka tafi. Sannan ka laƙaba wa abin suna da kalma ɗaya a zuci: "tunani", ko "shiri" in gobe kake tsarawa, ko "tuna baya", ko "haushi". Wannan laƙabin dabarar Mahasi Sayadaw ce, amfaninta ka ga tunanin a matsayin abin da ya zo wucewa, ba ka shige cikinsa ba. Sannan ka duba goshi da muƙamuƙi da kafaɗa, za ka tarar ɗaya ya ɗaure, ka sake shi. Sai ka koma hanci ko ciki, ka ce "ɗaya".

Hattara da faɗan da ke biyo bayan farga: "Kai dai ba ka da amfani, ko goma ba ka iya kaiwa." Wannan ma tunani ne, ka ce masa "tunani" ka wuce. Wanda ya taɓa kiwon akuya ya san in ta shiga gonar mutane igiya ake ja a hankali a dawo da ita turke. In ka bi ta da sanda kana ihu, gonar gaba za ta faɗa.

Wani tarkon kuma tunani mai kyau ne. Dabarar kasuwanci ko maganin wata matsala sukan faɗo daidai lokacin da kai ya lafa, sai ka ji in ba ka tashi ka rubuta ba za ta gudu. Da na riƙa ajiye takarda a gefe, sai zaman ya koma taron tsara aiki. Na ɗauke ta. Abin da ke da muhimmanci yana jira har ƙararrawa.

7. Barci, ƙaiƙayi, minjirya, hayaniya

Gyangyaɗi: ka miƙe baya, ka buɗe ido, ka ɗaga kallo sama kaɗan. In ya ƙi, ka tashi tsaye ka ƙarasa a tsaye. In kullum haka ne, bashin barci ke kanka, ka je ka biya, zama ba ya biyan wannan bashin.

Ƙaiƙayi kuwa malami ne na kyauta. Ya taso a gefen hanci, kada ka kai hannu nan take. Ka kalle shi numfashi 3: ina ne iyakarsa, yana ƙaruwa ko yana raguwa? Sau da yawa kafin na uku ya watse. In bai watse ba ka sosa, amma da sani, kana jin hannu yana ɗagawa. Wannan ɗan jinkirin tsakanin "ina so" da "na yi" shi ne za ka tarar ranar da wani ya zage ka a kan titi. Sauro dai ban ce ka yi masa haƙuri ba, ka zauna cikin gidan sauro in lokacinsa ne.

Minjirya da mutuwar ƙafa: ka sauya zama a hankali. In tana yawan faruwa bargon ya yi ƙasa, ko kana danne cinya da bakinsa.

Hayaniya: ka ce "ji" ka dawo. Ƙarar janareta ba ta hana zama, labarin da kake ƙullawa kan mai janaretan ne ke hanawa.

8. Tashi

Ƙararrawa ta buga, kada ka zabura. Ka buɗe ido, ka miƙe ƙafafu gaba, ka murza su har jini ya sauka ka ji yatsunka. Sannan ka dafa ka tashi. Ka bar waya ta ƙara minti 2 a kife. Ka sa alama a kalanda, kuma kada ka ba zaman maki.

9. Ƙara lokaci

Ga yadda nake ɗora mutane: mako na 1 minti 5, na 2 minti 10, na 3 da na 4 minti 15, wata na biyu minti 20 zuwa 25. Ba ka hawa mataki sai ka cika kwana 6 cikin 7 a wanda kake kai. Ranar da ta kuɓuce, washegari ka ci gaba, ba a ramuwa. Idan ka ga kana kai goma sau da yawa ba ɓata, ka ajiye ƙirgen ka tsare iskar kawai.

Daga mako na 3 ka shigo da abu biyu. Na farko zagayen jiki: ka kwanta rigingine, ka fara daga yatsun ƙafar hagu, ka bi gaɓa-gaɓa har tsakar ka, kowace gaɓa ka tsaya numfashi 3 ko 4 ka ji abin da ke wurin, ɗumi ko nauyi ko ba komai. Masu rashin barci wannan ya fi karɓar su. Na biyu tafiyar lura: taku 10 zuwa 15 a tsakar gida, ka je ka dawo a hankali, kana jin ƙafa ta ɗaga, ta tafi, ta sauka. Ranar da rai ya ɓaci har zama ya gagara, ita ce mafita.

Cikakken tsarin Kabat-Zinn, wanda ake kira MBSR, mako 8 ne: aji na awa biyu da rabi kowane mako, aikin gida minti 45 kwana 6 a mako, da yini guda na shiru. A Amurka daloli ɗaruruwa ake biya, amma shafin Palouse Mindfulness ya ɗora irinsa kyauta ga mai jin Turanci. Minti 45 ɗin nan shi ne iyakar da nake ba mai yi shi kaɗai a gida.

Hattara da dogon buri. Wani nazari da aka buga a 2014 a mujallar likitoci ta JAMA Internal Medicine ya tattara gwaje-gwaje 47, ya samu sauƙi matsakaici a fargaba da damuwa da ciwo. Matsakaici, ba mu'ujiza ba. Duk wanda ya ce maka zama zai warkar da hawan jini ko ya jawo maka arziki, aljihunka yake kallo. Kuma in ka ga haske ko launuka, ko jiki ya yi sakayau, ba wani matsayi ka taka ba. Ka ce "gani" ka koma ɗaya. In kuwa zama ya fara hana ka barci ko yana ƙara maka tsoro kwana da kwanaki, ka dakata ka ga likita.

10. Minti 3 na tsakar rana

Wannan daga tsarin MBCT yake, wanda Zindel Segal da Mark Williams da John Teasdale suka haɗa domin masu ciwon damuwa mai dawowa, har hukumar lafiya ta NICE ta Ingila ta amince da shi tun 2004. Minti na farko ka tambayi kanka me ke kaina, me ke raina, me jikina ke ji yanzu. Na biyu ka tattaro hankali kan numfashi. Na uku ka faɗaɗa shi ya game jiki duka. A layin banki, a ofis kafin ka shiga wurin oga, ko kafin ka amsa saƙon da ya tafasa maka zuciya. Ba a yi ana tuƙi.

11. Masu tambayar kwas ɗin kwana 10

Wanda ya yi wata biyu ko uku yakan fara jin labarin kwas ɗin zaman shiru na Vipassana na S. N. Goenka, ɗan kasuwar da aka haifa a Myanmar ya fara koyarwa a Indiya a 1969. Babbar cibiyarsu Dhamma Giri tana Igatpuri, kimanin awa 3 a jirgin ƙasa daga Mumbai, a Afirka kuma akwai Dhamma Pataka kusa da Worcester a Afirka ta Kudu. Ana cike fom a shafinsu na dhamma.org, ana tambayar lafiyar jiki da ta ƙwaƙwalwa, kuma gurbi kan cika da wuri. Koyarwa da abinci da makwanci duk kyauta ne, ba sa karɓar gudummawa sai daga wanda ya gama kwas. Tikiti da biza ne a kanka.

Ana tashi ƙarfe 4 na asuba, zama kusan awa 10 a rana, a kwanta 9:30 na dare. Waya da littafi da biro duk ana karɓewa. Ba magana, ba haɗa ido, sai rana ta 10. Maza daban mata daban. Abinci ba nama, babban ci ƙarfe 11 na safe, da yamma sabon ɗalibi shayi da 'ya'yan itace kawai. Kwana uku na farko hanci ake tsarewa, rana ta 4 a shiga zagayen jiki, daga nan kuma sau 3 a rana ana zaman awa guda da ake so kada ka motsa.

Hattara, kuma ka karanta wannan kafin ka sayi tikiti: dokarsu a rubuce ta ce a dakatar da duk wata salla da ibada da azumi da jan carbi tsawon kwanakin kwas. A daren buɗewa kuma ana maimaita kalmomin neman mafaka ga Buddha da koyarwarsa da jama'arsa da harshen Pali, kuma ana sa muryar Goenka yana rera baitoci kowace rana. Su suna cewa ba canjin addini ba ne, gwaji ne na kwana 10. Na cike fom ɗin har rabi a Pune, na iso kan wannan sakin layi, na rufe kwamfuta. Kada ka je da niyyar ɓoyewa ka yi salla a bayan ɗaki, ka sa hannu a kan dokar tun a fom.

Abin da nake yi a madadinsa yini guda ne a gida, sau ɗaya a wata biyu, ranar da ba aiki. Bayan asuba zama minti 30, tafiya minti 15, a sake, da hutu mai tsawo da hantsi. In an kira salla in tafi masallaci, in dawo in ɗora. Abincin rana ni kaɗai, ba rediyo, loma ɗaya sai ta wuce kafin in yanko wata. Ina rufewa da la'asar. Wayar kuwa tun daren da ya gabaci ranar take hannun uwargida, da sharaɗin ko na roƙa kada ta ba ni sai in wani ne ba lafiya.